Kaset ɗin da Ya Maƙale a Rikodar Yaya

Rikodar ba tamu ba ce tun asali. Wani ɗan haya ne a saman benenmu ya tashi, ya bar ta a kan matakala tare da karyayyar kujera. Yaya ya ɗauko ta, ya goge, ya jona a wuta, ta yi aiki. Matsalarta ɗaya: akwai kaset a ciki, ƙofar kuma ta ƙi buɗuwa. Ya danna, ya ja, ya sa wuƙar kicin ɗin Mama ya ɓanɓara har bakin wuƙar ya lanƙwashe, ya sha faɗa. Daga ƙarshe ya haƙura. In kaset ya ƙare sai a mayar da shi baya a sake daga farko. Haka muka girma da gefe ɗaya na kaset ɗaya. Ba mu san sunan masu kiɗan ba, ta ƙaramar tagar ƙofar kuma ba ka ganin komai sai gefen wata jar takarda.

Ranar da aka fara kunna shi Baba ya leƙo daga falo yana tambaya ko famfo ne ya lalace. Da gaskiyarsa, domin da ɗigar ruwa a bokiti kaset ɗin yake farawa. Kana cikin sauraron ɗigar sai jita mai lantarki ta shigo da ƙara kamar ana jan kwanon rufi a kan siminti. Ganga ta biyo ta tana ɗingishi, ta yi gaba ta dawo, ba ta yarda ka gyaɗa kai sau biyu iri ɗaya. Can sai murya, mai kauri, a hankali, irin ta mutumin da ba ya sauri don kowa. Ko kalma ɗaya ba mu ji daga abin da yake faɗa, amma muka sa masa suna Tsoho. Yaya ya ce ƙato ne mai gemu da tumbi. Ni na ce yana fama da tari, domin akwai inda yake jan numfashi irin na kakanmu.

Baba ya saurara na ɗan lokaci ya yanke hukunci. "Wannan ba kiɗa ba ne, garejin kanikawa aka ɗauko a kaset." Mama ta ce duk mai son ji ya rufe ƙofa. Wani abokin Yaya a makaranta ne ya gaya masa sunan irin wannan kiɗa rok, amma na waɗanda suka gaji da rok ɗin ma, suke gwada duk abin da ya zo musu a kai. Yaya ya dawo gida da wannan bayani yana ɗaga kafaɗa, sai ka ce shi ya koya musu.

A tsakiyar gefen akwai wurin da komai ke ɗaukewa. Jita ta yi shiru, Tsoho ya yi shiru, sai wani siririn gunji irin na firji. Shirun yana da tsawo, wanda bai sani ba sai ya ɗauka wuta ce ta tafi. Sannan ganga ta faɗo sau ɗaya, dum, kiɗa ya dawo gaba ɗaya. Wasanmu shi ne mu buga tebur daidai da wannan bugu. Yaya bai taɓa kuskurewa ba. Ni kuwa kullum sai na riga ganga, hannuna ya sauka a banza, in zauna ina jin kunya kafin ta iso.

"Kurma," in ji shi. "Ba ƙirgawa ake ba. Jira ake."

Sunan ya bi ni. Har yau 'ya'yansa Anti Kurma suke ce mini, kuma ina amsawa.

Yaya ya gama makaranta ya shiga aiki a maɗaba'a, yana tsaye gaban injin buga takardu, hannun dama yana tura takarda, na hagu yana karɓa. Ya yi aure, ya tashi daga gida, rikodar ta bi shi. Matarsa, wadda nake ce wa Anti, mace ce mai haƙuri, amma haƙurinta bai kai kan Tsoho ba. Suka yi yarjejeniya sai ta fita kasuwa ake kunnawa. In na je gidan ran da ba aiki sai in tarar da shi a kujera, rikoda a kan tebur, ya ɗaga mini hannu kada in yi magana. Wata rana zai ce, "Kin taɓa jin wata ƙararrawa a bayan jitar nan?" Ban taɓa ji ba. Sai ya mayar baya, in kuwa ji ta, ƙarama, tana can tun muna yara. Abin da ya riƙe shi ke nan. Waƙoƙin da muka haddace a rediyo duk sun zo sun wuce, wannan da ba ya haddatuwa shi ya zauna. Ni ban taɓa cewa ina son kaset ɗin ba. Amma in ina wanke kwanuka ruwa ya ɗiga a bokiti, sai in ji ina jiran jita.

Bara hawan jini ya buge shi a wurin aiki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta koma wani guna-guni da Anti ce kaɗai ke iya fassarawa. Da aka sallame shi daga asibiti aka haɗa shi da wata ma'aikaciya mai zuwa gida tana motsa masa jiki, muna ce mata Sista. Ƙafar ta fara amsawa. Hannun kuwa yana kwance a kan zanin gado, yatsun sun fara naɗewa ciki.

Sista ta kira ni da Anti kicin ta faɗa mana ba ɓoye-ɓoye. "Ni ina iya murza hannun nan har gobe, amma sai shi da kansa ya yi ƙoƙarin motsa shi. Yanzu ne lokacin. In aka bari ya sandare a haka, to shi ke nan, da shi za a zauna."

Yaya kuma ya ƙi. In ta ce ya ɗaga yatsa sai ya juya fuska bango. Ta kawo ƙwallon roba, ya ture da hannun hagu ta gangara ƙarƙashin gado. Anti ta yi lallashi, ta yi kuka. Ni ba ni da wannan baiwar. Na tsaya a kansa na ce, "Yaya, wallahi ka ba ni kunya. Mutum da ƙarfinsa ya kwanta yana jiran a juya shi?" Ya dube ni da ido ɗaya, ya mayar da fuska bango. Na fita ina huci, a matakala na zauna na yi kukana inda ba mai gani. Tsoro nake ji, shi ne gaskiyar magana.

A matakalar nan na tuna da rikoda. Na koma na tambayi Anti, ta ciro ta daga saman wardirob. Na jona, na danna, ta yi gunji amma kaset bai juya ba. Anti ta ce ai ta kwana biyu da tsayawa, yana ta cewa zai kai gyara bai kai ba.

Masu gyaran rikoda sun yi ƙaranci, kowa ya koma waya. Da ƙyar na samu wani dattijo a ƙarshen layin masu kayan lantarki, shagonsa bai fi a shimfiɗa tabarma ɗaya ba, rediyoyi jibge har rufi. Mai Tabarau ake ce masa, saboda tabarau biyu yake ɗorawa, ɗaya kan ɗaya. Ya karɓi rikodar da hannu biyu, ya juya ta, ya shinshina bayanta.

"Robar da ke juya ta ce ta narke. Ki dawo jibi, 'yata."

Da na koma na tarar da ita tana sheƙi. Mai Tabarau yana murmushi tun kafin in zauna. Ya danna maɓalli da ɗan yatsa, ƙofar da ta gagari wuƙar Mama ta buɗe a hankali, ba ko ƙara. Ya zaro kaset ɗin ya miƙo mini. Karo na farko ke nan da na riƙe shi a hannu. Ga jar takardar, ga wani suna a jiki da bakina ba zai iya faɗa ba.

"Na sa roba sabuwa, na wanke kan da ke karanta kaset, na buɗe ƙofa," in ji shi. "Injin ma gudunsa ya yi ƙasa sosai, ban san yadda kuka yi kuke ji ba. Na daidaita shi da kaset ɗin auna gudu. Yanzu yadda ta fito daga kamfani haka take."

Ban tsaya tambayar me yake nufi ba. Na yi godiya, na rungumi rikoda, na nufi gidan Yaya ina jin kaina kamar likita.

Na tarar da Sista tana haɗa jakarta, ta sha wani zaman banza. Na ce ta dakata ta ga abin mamaki. Na ajiye rikodar a kan durowar gefen gado. Yaya ya juyo, idonsa ya sauka a kanta, fuskarsa ta saki a karo na farko tun kwanciyarsa. Na danna.

Ruwa ya fara ɗiga, amma da gaggawa, kamar ana korarsa. Jita ta shigo da tsini. Ganga ba ta ɗingishi, gudu take. Sannan murya ta zo, kuma muryar mace ce. Ba siririya ba, amma ko kurma irina ya san mace ce, yarinya ma, mai zafin baki. Tsohonmu mai gemu da tumbi ashe bai taɓa wanzuwa ba, injin rikoda ne mai ciwo ya haife shi.

Na yi dariya, don abin da dariya. Yaya bai yi ba. Ya saurara har aka kai wurin shirun, kuma kafin ka gyara zama ganga ta faɗo ta wuce. Ya miƙa hannun hagu ya fizge wayar rikodar daga bango. Ya yi wata magana mai tsawo, jijiyar wuyansa a tashe. Na dubi Anti.

Ta sunkuyar da kai. "Ya ce wa ya aike ki."

Washegari da safe ina ƙofar shagon Mai Tabarau kafin ya gama share gabansa. Na dire masa rikoda na ce ya mayar da ita yadda take.

"Yadda take? Ai a lalace take."

"To a lalacen muke so."

Ya cire tabarau ɗaya ya dube ni da ɗayan. "'Yata, tun kafin a haife ki nake gyara. Ba a taɓa kawo mini abu an ce in ɓata ba. In aka ji a layin nan fa?"

"Baba, garin neman gira ka cire mana ido. Roba na ce ka sa. Wa ya ce ka taɓa gudu?"

"Wanda ya kai mara lafiya asibiti ba shi ke gaya wa likita inda zai duba ba."

Muka yi ta yi har maƙwabcinsa mai sayar da fitilu ya leƙo. Mai Tabarau ya ciro waya ya ce ga shi ma jikarsa ta nemo masa masu kiɗan da sunan da ke kan takardar, ga hotonsu, ga faifan gaba ɗaya tas ba shuu, in ina so a tura mini. Na kawar da kai. Da faɗa ya ƙi ci sai na zauna a kan benci na gaya masa komai: Yaya, hannun, bugun tebur, abin da Sista ta ce. Ya goge tabarau da gefen rigarsa.

"Tsohon doki sai mai shi," ya ce daga baya. "Rage gudu ba wuya, wani ɗan sukuru ne a bayan injin. Amma in rage zuwa ina? Ban auna ba kafin in gyara. Ke za ki gane in an kai?"

Shekara talatin da wani abu ina jin kaset ɗin nan, amma na san kaina.

"Kurma ake ce mini a gida," na ce.

"To sai a je wurin mai kunne."

Da yamma ya rufe shago ya biyo ni da ƙaramar jakarsa. Yaya ya ga baƙo da rikoda ya juya bango. Mai Tabarau bai damu ba. Ya gaishe shi, ya yi masa sannu, ya jawo kujera, ya kwance bayan rikodar ya ajiye sukurorin a murfin kofi. Sannan ya yi magana da bayan Yaya.

"Maigida, ni na yi ɓarnar, ni zan gyara. Amma ni ban san mutumin naku ba. Zan riƙa juyawa, in ya zo ka gaya mini."

Ya kunna. Yarinyar ta fara waƙarta da sauri. Ya zura siririn sukundireba a wani rami ya murɗa kaɗan, muryar ta ɗan sauka. Yaya bai motsa ba. Ya ƙara. Jita ta rage tsini. Sai muka ga kafaɗar Yaya ta motsa. Ya juyo a hankali, Anti ta sa masa matashi a baya. Ya ɗaga hannun hagu, tafin yana kallon ƙasa, ya danna iska: ƙasa. Mai Tabarau ya murɗa. Ƙasa. Ya murɗa, fuskarsa a yamutse kamar mai shan magani. Muryar tana kauri, yarinyar tana tsufa a gabanmu, ganga ta fara jan ƙafa. Mai Tabarau ya zarce, Yaya ya yi tsaki, tsaki sosai irin na da, ya nuna sama. Aka dawo kaɗan. Hannun ya tsaya cak a iska.

Tsoho ya ja numfashinsa mai tari. Anti, wadda ta yi shekaru tana guduwa kasuwa saboda shi, ta ce, "Ga shi nan kuwa, ɗan banza."

Yaya ya lumshe ido. Yatsun hannunsa na hagu suka fara bin ganga a kan zanin gado. Na dubi wannan hannu mai lafiya yana rawarsa, na dubi ɗayan a kwance, sai raina ya ɓaci. Duk wannan wahala don hagu ya ji daɗi? Na ce wa Mai Tabarau ya mayar baya daga farko. Na ɗauko faifan katakon da ake kawo masa abinci a kai, na zura ƙarƙashin hannunsa na dama, na miƙe masa yatsun a kai. Sannan na zagaya na zauna a gefen hagu, na kama hannun mai lafiya da hannuwana biyu na danne a cinyata.

Ya buɗe ido. Ya ja, na riƙe. Ya harare ni harara mai tsanani, ya yi wata magana da ban nemi Anti ta fassara ba.

"Zage ni da kyau," na ce. "Amma yau in za a buga, da wancan za a buga."

Ruwa ya ɗiga. Jita ta ja kwanonta. Tsoho ya yi waƙarsa ba ya sauri don kowa, Yaya yana ta fizga, gumi ya keto masa a goshi. Can ya daina ja. Kiɗa ya ɗauke, gunjin firji ya cika ɗakin. Ba wanda ya yi motsi. Mai Tabarau ya riƙe sukundireba a sama. Ni idona yana kan faifan katako.

Yatsansa manuni ya yi rawa. Ya ɗago, bai kai kaurin kaset ba, yana karkarwa. Ya daɗe kafin ya kai nan, da shirun yarinyar ne da tuni an wuce shi. Amma shirun Tsoho yana da tsawo. Yatsan ya tsaya a sama yana jira, ni kuma na ji lokaci ya yi, na zabura na ce, "Yanzu!"

Ba lokacin ba ne. Yatsan bai kula ni ba. Ya ƙara jira, sannan ya sauka a kan katako, ƙwas, tare da ganga, ba gaba ba baya.

Kiɗa ya dawo gaba ɗaya. Anti ta toshe baki da gyale. Yaya ya juyo ya dube ni, ɓarin bakinsa ɗaya ya ɗaga, ya tattara duk ƙarfinsa, kalmar ta fito ba ta bukatar tafinta.

"Kurma."

Na saki hannunsa don in share fuskata.

Da gefen ya ƙare, Mai Tabarau ya ɗaure bayan rikodar, ya ɗiga jan fenti a kan sukurun don kada wani mai gyara ya sake yin irin tasa. Ya danna maɓalli ƙofa ta buɗe. "To tunda yanzu tana buɗuwa, in juya muku ɗaya gefen?"

Sai a lokacin abin ya faɗo mana. Akwai rabi guda da ba mu taɓa ji ba. Idon Yaya ya buɗe, ya miƙa hannun hagu. Na riga shi, na tura ƙofar ta rufe da kaset ɗin yadda yake.

"Wannan gefen kowa ya kunna masa," na ce wa Anti. "Wancan kuwa, ranar da hannun dama ya ciro kaset ya juya ya mayar da kansa, ranar za a ji."

Sista ta ce ba ta taɓa ganin mara lafiya mai zagin 'yar'uwarsa haka yana motsa jiki ba, amma ta daina kawo ƙwallon roba. Mai Tabarau ya aiko da wani mataccen kaset, da shi Yaya yake gwaji kowace safiya a kan faifan katako. Yana iya kama shi yanzu da yatsu uku. Juyawar ce ta rage, kullum a tsakiya yake suɓucewa ya faɗi a kan gado, ya yi tsaki ya sake ɗauka.

Jikar Mai Tabarau ta turo mini faifan gaba ɗaya a waya, yana nan ban buɗe ba. Jiya Yaya ya tambaye ni, da bakinsa, ko na saci ji. Na ce a'a. Ya daɗe yana kallona kafin ya yarda, sannan ya sa hannu ya sake ɗaukar kaset ɗin.